Tambaya da Amsa: Da gaske akwai naman kaza mai jinsi fiye da dubu ashirin?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Malaminmu na ilimin halittu ya ce akwai wani naman kaza mai jinsi fiye da dubu ashirin, alhali mu namiji da mace muka sani. Ina neman ƙarin bayani. Daga wata ɗaliba, Zariya.

Amsa: Wa alaikumus salam, 'yar'uwa. Malaminku ya faɗi gaskiya, sai dai kalmar jinsi ce ke rikitar da mai sauraro, domin a dangin naman kaza da fumfuna da yisti yawanci babu namiji ko mace da za a gane da ido. Abin da ke akwai shi ne rukunin dacewa, wato wasu ƙwayoyin gado da ke tantance ko zare biyu, cikin siraran zaruruwan da jikin waɗannan halittu ya ƙunsa, za su haɗu su hayayyafa ko kuwa a'a.

Albert Blakeslee na Amurka ne ya gano wannan a 1904, lokacin da ya lura cewa fumfunar burodi ba ta barbara sai iri biyu mabambanta sun gamu. Yistin da ake kwaɓa fulawa da shi ma rukuni biyu gare shi.

Wanda malaminku ke nufi shi ne Schizophyllum commune, wani ƙaramin naman kaza da ke tsirowa a jikin ruɓaɓɓen itace, wanda John Raper ya shafe shekaru yana nazarinsa a Jami'ar Harvard. Wurare biyu ne a cikin ƙwayoyin gadonsa ke riƙe da hukuncin, ana kiransu A da B. Wurin B na samar da sinadarin da zare ke aika wa ɗan'uwansa da kuma abin da ke karɓar saƙon, wurin A kuma na samar da sinadaran da ke tafiyar da girman zaren bayan haɗuwa. Dole ne zaren biyu su bambanta a duka wuraren kafin al'amari ya yiwu. An ƙiyasta nau'in A ya kai 288, na B kuma 81, idan aka ninka sai a sami rukunin dacewa 23,328, wato jinsin da malaminku ke magana a kai.

A ganina, amfanin tsarin ya fi yawan adadin ban mamaki. Zare biyu da suka fito daga uwa ɗaya sau ɗaya cikin huɗu kawai suke dacewa, amma idan baƙin juna ne, da wuya su ƙi dacewa. Ta haka ake rage barbara tsakanin 'yan gida ɗaya, iri ya riƙa gaurayuwa.

Batun ya shafi manomanmu ma. Ustilago maydis, wani nau'in fumfuna mai sa zangarniyar masara ta kumbura ta cika da baƙin gari, ba ya iya kama shuka sai ƙwayoyi biyu masu dacewa sun haɗu, kuma danginsa ne ke jawo burtuntuna a gonar dawa.