Agaji Da Raya Ƙasa: Mene Ne Bambancinsu?

Tambaya: Malam, kullum a rediyo ina jin "agajin gaggawa" da "taimakon raya ƙasa". Ba abu ɗaya ba ne? Daga wata ɗaliba, Unguwar Rogo, Jos.

Amsa: Malama, akwai bambanci. A rikicin Jos na Satumbar 2001, na ga mata da yara sun fake a barikin soja. Ranar ba abin da suke nema sai abinci, tabarma da magani. Agaji ke nan, aikin irin su Red Cross, ko NEMA, hukumar ba da agajin gaggawa ta ƙasa, da aka kafa a 1999.

Raya ƙasa kuwa sai ƙura ta lafa: rijiyar burtsatse, gyaran makaranta, sasanta manomi da makiyayi. A ganina nan ake sakaci, don da zarar 'yan jarida sun tattara kayansu, masu ba da kuɗin ma sai su bi bayansu.