Na raini yaro shekara shida, dillali zai ɗauke shi kyauta

Barista, ina da ƙaramin kulob a Kano, da kuɗin shagona nake riƙe shi. Akwai yaron da na ɗauka yana shekara 13, ci da takalmi da kuɗin makaranta duk a kaina. Yanzu ya cika 18, wani dillali ya zagaya wajen iyayensa, wai zai kai shi wani kulob na NPFL, babbar gasar ƙwallon Najeriya, daga can a wuce Beljiyam. Ba mu da kwantiragi, sai takardar da mahaifinsa ya sa hannu cewa ina da kashi 30 a duk abin da aka samu. Fasfonsa yana hannuna. Zan iya hana shi tafiya?

Alhaji, fara da mayar masa da fasfonsa yau ɗin nan. Riƙe shi ba zai kawo maka ko kwabo ba, sai dai ya juya maganar ta zama kai ake ƙara.

Hana shi tafiya kuma, ba ka da wannan ikon. A dokar FIFA, ƙwararren ɗan wasa shi ne mai rubutaccen kwantiragi wanda ake biyansa fiye da abin da yake kashewa a kan ƙwallon. Yaronka bai shiga wannan sahu ba, saboda haka babu igiyar da ta ɗaure shi. Takardar mahaifin ma kada ka jingina da ita. Tun 2015 FIFA ta haramta wa ɗaiɗaikun mutane mallakar kaso a cinikin ɗan wasa. Kulob ɗin da yaro ya taɓa yi wa rajista zai iya riƙe kaso, amma kai a karan kanka ba za ka iya ba, kuma haramcin ya hau kan dillalin nan shi ma.

Haƙƙinka yana wani wajen, kuma iri biyu ne. Na farko diyyar horarwa. Idan yaro ya sa hannu a kwantiraginsa na farko a ƙasar waje kafin ƙarshen shekarar da ya cika 23, sabon kulob ɗin zai biya waɗanda suka horar da shi tun daga shekara 12. Da farashin ƙasar da ya je ake lissafi, ba da namu ba. A Turai kulob mai aji na ɗaya Yuro 90,000 ne a shekara, na biyu 60,000, na uku 30,000, na huɗu 10,000, sai dai shekarun 12 zuwa 15 a farashin aji na huɗu ake sa su. Mu ce kulob ɗin Beljiyam aji na biyu ne: shekara uku na farko (13 zuwa 15) 30,000, ukun baya (16 zuwa 18) 180,000. Yuro 210,000 ke nan, in har shekara shidan cikakku ne a takarda.

To ka ga dalilin da ya sa dillalin yake son a fara bi ta NPFL? Da zarar yaron ya zama ƙwararre a cikin gida, maganar ta koma ƙarƙashin dokokin NFF, hukumar ƙwallon Najeriya, kuma ranar da zai fita waje kulob na ƙarshe kaɗai ake biya wannan diyya. Kai da ka yi rainon an tsallake ka. FIFA ta san da wannan dabara. Idan aka sake sayar da ɗan wasa cikin mako 16, tana ɗauka cewa gada kawai aka yi da kulob ɗin tsakiya, sai in sun kawo hujjar akasin haka. Amma dillali mai wayo jira yake a buga kaka guda, shi ke nan.

Haƙƙinka na biyu kuwa ba ya mutuwa ko ta ina aka bi. Duk lokacin da aka sayar da yaron daga wata ƙasa zuwa wata, ana cire kashi 5 cikin ɗari a raba wa kulob ɗin da suka rene shi tsakanin shekara 12 da 23. Naka rabon na shekara shida ya kama kashi 2.25 na kuɗin cinikin. Kada ka raina shi. Victor Osimhen daga wata makarantar ƙwallo a Legas ya fito, a 2020 kuma Napoli ta saye shi daga Lille a kan kusan Yuro miliyan 70.

Duk wannan lissafi a kan abu ɗaya ya rataya: sunan yaron yana cikin rajistar NFF a ƙarƙashin kulob ɗinka, shekara bayan shekara? Tun Nuwamban 2022 kuɗin nan ta ofishin biyan kuɗi na FIFA da ke Faris suke bi, kuma da tarihin rajistar kwamfuta ake aiki. Na taɓa zama da wani mai kulob da ya zube min jakar leda cike da hotunan gasar unguwa da rasit ɗin takalma, amma ko lasisi ɗaya babu. Ban iya yi masa komai ba. Gobe ka je hukumar ƙwallon jiha ka nemi tarihin rajistar yaron, in da giɓi a gyara tun bai motsa ba. Kulob ɗin kuma ya zama yana da rajistar CAC, hukumar rajistar kamfanoni, da asusun banki da sunansa, don ba za a tura kuɗin nan asusun shagonka ba.

Da ni ne, ba zan tsaya rigima da iyayen ba. Zan ba yaron kwantiragin shekara biyu ko uku da albashin da na tabbata zan iya biya, domin in aka riƙe masa na wata biyu, ya ba da wa'adin kwana 15 a rubuce ba a biya ba, yana da damar tsinke yarjejeniyar. Daga nan sai in ba kulob ɗin NPFL aronsa. In aljihu ba zai ɗauka ba, ka zauna da su kai tsaye, kulob da kulob, a rubuta cewa kulob ɗinka yana da kaso kaza a cinikin gaba, a fayyace ko daga jimillar kuɗin ne ko daga riba. In kuma sun riga sun ɗauke shi, ka shigar da ƙorafi gaban kwamitin sasanta rikicin 'yan wasa na NFF da wuri. A FIFA, ƙarar da ta haura shekara biyu ba a sauraronta.