Tambaya da Amsa: Ƙanina yana Kuroshiya, rigimar iyakarsu da Sulobeniya za ta shafe shi?

Tambaya: Salam Malam. Ƙanina ya samu aikin gini a Kuroshiya, sai na ji wai suna rigimar iyaka da Sulobeniya, wallahi tun ranar ko barci ba na iyawa. Yaƙi za a yi? Kuma ejan ɗin da ya kai shi ya ce tunda ba a daidaita iyakar ba, zai iya tsallakawa can ya yi aiki ba mai tambayarsa.

Amsa: Wa alaikumus salam Hajiya, ki kwantar da hankalinki, ba maganar yaƙi. Tun 1991 da suka ɓalle daga Yugoslabiya suke wannan ja-in-ja, akasari a kan mashigin tekun Piran, don gaɓar Sulobeniya ko kilomita 50 ba ta kai ba, ita kuma tana son hanyar fita babban teku. A 2009 firaministan Sulobeniya na lokacin, Borut Pahor, da takwararsa ta Kuroshiya, Jadranka Kosor, suka sa hannu a kai maganar gaban alƙalan sulhu, a 2015 aka fallasa hirar waya tsakanin alƙalin da Sulobeniya ta naɗa da wakiliyar gwamnatinta, Kuroshiya ta ce ta fita daga shari'ar. Hukuncin 2017 ya ba Sulobeniya kusan kashi uku cikin huɗu na mashigin, Kuroshiya ba ta yarda ba har yau. Masunta ne ke ɗanɗana kuɗarsu, jirgin 'yan sandan wannan ya rubuta musu tara, na wancan ma ya rubuta.

Abin da ya tayar min da hankali maganar ejan ɗin nan ce, kullum sai na ji irinta, kuma ƙarya ce tsagwaronta. Rigimar a kan ruwa take da wasu 'yan ƙauyuka da gonaki a bakin kogin Dragonja da Mura, ba wai an bar iyaka ba mai gadi ba. E, Kuroshiya ta shiga Shengen, wato yankin ƙasashen Turai da ake ƙetare iyakokinsu ba tare da duba takardu ba, ranar 1 ga Janairun 2023, amma a Oktoban shekarar Sulobeniya ta dawo da duba takardu a wannan iyakar. Katin zaman Kuroshiya yana ba shi damar ziyara ta kwana 90 cikin 180, ziyara fa, ba aiki ba. In aka kama shi yana aiki a can za a iya mayar da shi, a hana shi shiga, ya rasa har izinin da yake da shi a hannu, shi kuwa ejan ya riga ya ci kuɗinsa ya kashe waya. Wasu ma har cewa suke a bi ta daji a ratsa kogi da dare, alhali mutane sun nutse a kogunan Kolpa da Dragonja, har da ƙaramar yarinya. Ku ji tsoron Allah, 'ya'yan mutane ne kuke turawa!

Ki kira shi yau Hajiya, ki ce ya zauna wurin aikinsa, fasfo ɗinsa ya kasance a hannunsa ba a hannun ejan ba.