Aiki za a sake yi mini, ba na so a raba ni da jaririna

TAMBAYA: Assalamu alaikum Anti. Haihuwata ta fari tiyata aka yi mini a wani asibiti nan Makka. Kukan yarinyar kawai na ji aka wuce da ita ɗakin jarirai, sai washegari aka kawo mini ita, an riga an ba ta madarar gwangwani. Da ƙyar ta kama nono. Yanzu cikina wata bakwai, likita ta ce aiki za a sake. Surukata ta ce gara a bar ni in huta, wai dakashi ma ba shi da amfani. Yaya zan yi?
Ƙanwarki, daga Makka

AMSA: Wa alaikumus salam ƙanwata, Allah ya raba lafiya. Tunda aikin naki na shiri ne, ki yi maganar tun a awo na gaba. Kada ki bari sai an tura ki kan gado, lokacin ba mai sauraron ki.

Fara tambayar irin allurar da za a yi miki. In ta ƙashin baya ce, idonki biyu, daga ƙirji zuwa ƙasa ne kawai ba kya ji. A aikina na unguwarzoma a Jidda, ga yadda muke yi: a goge jariri, a sa masa hula, a kwantar da shi a gicciye kan ƙirjin uwa, fata da fata, a saman labulen da ya kare wurin aikin, a lulluɓe su da tawul mai ɗumi. Likita na can tana ɗinki, ɗaya daga cikinmu na dafe da bayan yaron. Ɗakin tiyata sanyi gare shi, ɗumin jikinki ne ke riƙe masa nasa, tsotson da zai yi kuma na taimaka wa mahaifa ta tsuke, jini ya ragu. Hukumar Lafiya ta Duniya da UNICEF, tun shirinsu na asibitoci masu kula da shayarwa na 1991, suna son a fara ba da nono cikin awar farko, uwa da ɗa kuma su zauna ɗaki guda dare da rana.

Akwai uzuri na gaskiya: yaron da ke nishi, bakwaini, ko uwar da aka yi wa allurar barci ko take zubar da jini. In haka ta faru, ki nemi a kawo shi da zarar kun daidaita, kafin nan ki tatso dakashi da hannu a kai masa.

Ki gaida Hajiya, amma a kan dakashi ban bi ta ba. Wannan ruwan ɗorawa mai kaurin shi ne rigakafinsa na farko, cikinsa a ranar kuwa bai wuce ɗaukar cokalin shayi guda ba a kowane sha. Zamzam, da muke da shi a wadace, ke za ki sha. Shi nono zalla har wata 6. Zuma kam ko a leɓe kada a sa masa kafin shekara.

Hajiya ta yi gaskiya kan hutu, don haka ita za ki roƙa ta kwana da ke. Ta miƙo miki shi, ki saƙala shi ta ƙarƙashin hammata bisa matashi, ƙafafunsa na baya, don kada ya danne ɗinkin. In maganin ciwo ya sa ki gyangyaɗi, ta mayar da shi gadonsa kusa da naki.