Hoton lokacin kaka da shingayen gona a karkarar Vermont

Assalamu alaikum. Ɗan'uwa, ka ce kana karatu a Boston, kana shirin shiga karkarar jihar Vermont ta Amurka ka ɗauki hotunan bishiyoyi da shingayen gonaki, amma waɗanda ka ɗauka bara sun fito launinsu a dushe, shingen kuma ya raba hoton biyu ba tare da ya ƙara masa komai ba. Na jima ina bin waɗannan hanyoyi da kyamara a lokacin kaka, kuma a ganina matsalolin naka biyu tushensu ɗaya ne: launin ganye ka je nema, shingen kuwa ka bar shi ya shigo hoton yadda ya ga dama. Ka juya lamarin. Ka fara samun shingen da ya cancanci hoto, sannan ka jira hasken da zai fito da launin da ke bayansa.

Batun lokaci ba ya buƙatar dogon bayani. A arewacin jihar da kan tsaunuka sauyin launin ganye yakan kai ƙololuwa daga ƙarshen Satumba zuwa makon farko na Oktoba, a kudu da cikin kwaruruka kuma yakan kai tsakiyar wata, saboda haka in ka makara sai ka gangara kudu. Rawaya tana cikin ganyen tun farko, koren ne yake rufe ta har sai yini ya gajarta ya janye. Ja kuwa bishiyar ce take ƙera shi a lokacin, musamman bishiyar da ake kira mapul, kuma ya fi ƙarfi idan aka samu rana mai haske da dare mai sanyi wanda bai kai ga daskarewa ba. Iska mai ƙarfi da ruwan dare ɗaya suna iya kaɗe rabin ganyen, don haka kada ka ɗage tafiya in ka ji labarin launi ya nuna.

Shingayen su ne abin da na fi so ka tsaya a kansu. Mafi yawan waɗanda za ka gani a yankin New England, wato arewa maso gabashin Amurka inda Vermont take, katangun duwatsu ne da aka jera ba tare da siminti ba, duwatsun da manoma suka riƙa tsincewa daga gonakinsu shekara bayan shekara domin sanyi yana turo su saman ƙasa. A 1811 William Jarvis, wanda ya yi aikin jakadancin Amurka a Lisbon, ya kawo tumakin merino, masu gashin da ake yin ulu da shi, garin Weathersfield na Vermont, kuma zuwa 1840 tumakin Vermont sun haura miliyan 1.5. An sare dazuzzuka an mayar da su makiyaya, daga baya kiwon ya ja baya, daji ya dawo har ya rufe kusan kashi uku cikin huɗu na jihar a yau. Wannan ne ya sa za ka tarar da katanga tana ratsa tsakiyar kurmi inda babu gona ko kusa, kuma irin wannan katanga, da gansakuka a jikinta da jan ganye zube a kanta, ta fi farin shingen katako da kowa yake ɗauka a bakin titi ba da hoto mai ma'ana.

Kada ka tsaya a gaban shinge ka fuskance shi kai tsaye, domin abin da ya yanka maka hoto ke nan. Ka matsa kusa da shi ta gefe, ka durƙusa har kyamara ta zo daidai tsayinsa, ka bar shi ya taso daga kusurwar ƙasa ta hoton ya miƙe zuwa ga bishiya ko rumbun da kake so ido ya sauka a kai. Yadda dangar kara take jan idon mutum zuwa ƙofar gida a ƙauye, haka ake so wannan ya yi. Inda katanga ta lanƙwasa ko ta rushe, ko inda aka bar ƙofa a buɗe, nan ne wurin tsayawa. In shingen katako ne mai ginshiƙai, ka ja da baya ka yi amfani da dogon gilashin kyamara mai jawo abu na nesa, kamar mai milimita 70 zuwa 200, sai ginshiƙan su matsu kusa da juna, tudun da ke nesa kuma ya matso ya cika bayan hoton da launi. Ka saita ƙofar haske ta kyamara tsakanin lambar f/8 da f/11, ka ɗora saitin gani, wato inda hoton zai fi fitowa tar, a kan dutse ko ginshiƙin da ke wajen sulusin nisan shingen, don gaba da baya su fito tare.

Dushewar launi kuwa daga haske take. Rana tsaka ganye yana ƙyalli, ƙyallin kuma fari ne, shi yake wanke launin. Maganinsa gilashin polaraiza da ake ɗaurawa a gaban kyamara: kana murza shi a hankali za ka ga ƙyallin ya ɓace, ja da ruwan lemo sun fito. Ya fi aiki idan rana tana gefen kafaɗarka, kuma yana rage hasken da ke shiga zuwa wajen sulusi ko rubu'i, saboda haka ka riƙe sandar kyamara mai ƙafa uku. Mutane da yawa suna zama a masauki ranar da hadari ya rufe sama, alhali ita ce ranar katangar dutse, domin jiƙaƙƙen dutse yana yin duhu, ganyen da ke kansa kuma yana ɗaukar ido. Sai dai ka cire sararin sama daga hoton, tunda fari fat zai fito. Da sassafe kuma ka nemi wurin da rana take bayan bishiya, haskenta yana ratsa ganyen, hazo yana kwance a kwari.

Akwai saiti biyu da kyamara take cutar mutum da su. In ka bar ta ta daidaita launi da kanta, takan ga ja da rawaya sun yi yawa sai ta sanyaya su, wato ta karkata su zuwa shuɗi, don haka ka mayar da ita kan saitin hasken rana, wato wajen 5500K a ma'aunin launin haske. Na biyu, jan launi yakan ƙone kafin sauran, ganye ya zama dunƙulen ja babu jijiya, saboda haka ka ɗan rage haske ka ɗauka a tsarin RAW, wato ɗanyen hoton da kyamara ba ta sarrafa ba. Wajen gyara a kwamfuta ka yi hattara da ƙara kaifin launi. Wanda ya san wurin yana kallo zai gane an zuba, ni kuma ban taɓa ganin hoton da hakan ya ceta ba.

Ka tuna cewa shinge iyaka ce, bayansa gonar wani ce. A kakar 2023 hukumar garin Pomfret ta rufe hanyar Cloudland ga baƙi na wasu makonni saboda cunkoson masu zuwa ɗaukar wata gona da ta yi suna a Instagram, suna tare hanya suna shiga filayen mutane. Ka tsaya a gefen titi, kada ka hau katanga domin duwatsun a jere kawai suke, in kuma ka ga mai gida ka gaishe shi ka nemi izini. Hanya mai lamba 100 ta ratsa tsakiyar jihar daga kudu zuwa arewa, amma ƙananan hanyoyin ƙasa da suka rabu daga gare ta su ne suke da katangun, kuma a ranakun aiki ba ka cika haɗuwa da kowa a kansu ba. Ka sauke taswira a wayarka tun kafin ka bar gari, domin sabis yana ɗaukewa a cikin kwaruruka.