Fayil ya ƙi goguwa a 'yar MP3 ɗina, ya zan yi?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Don Allah ina da ƙaramar MP3 da nake sauraron karatun Alƙur'ani da wa'azi a ciki, rannan ina cikin tura karatu daga kwamfuta sai aka ɗauke wuta, tun daga ranar wasu fayil guda uku sunansu ya koma wasu irin haruffa kamar rubutun aljanu, ba sa buɗuwa, in na ce a goge kuma sai kwamfuta ta ce wai fayil ɗin ya lalace ba ya karantuwa. Ita ma na'urar in ta zo kansu sai ta daskare sai na kashe ta. Mene ne mafita?

Amsa: Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Gaskiya matsalar ba daga fayil ɗin take ba, daga rajistar memorin take. Yawancin irin waɗannan na'urori tsarin FAT32 suke amfani da shi, shi kuma yadda yake aiki, duk abin da ka tura yanka shi ake gunduwa-gunduwa a ajiye a wurare daban-daban, sai a rubuta a wani tebur cewa ga sunansa, ga inda ya fara, ga inda ya ci gaba. To lokacin da aka ɗauke maka wuta ana tsakiyar rubutun nan ne, rabi ya shiga rabi bai shiga ba. Shi ya sa in ka ce goge, kwamfuta za ta je ta duba rajista ta rasa kan zancen, sai ta ƙyale shi. Ko sau ɗari ka danna ba zai tafi ba sai an gyara teburin.

Kafin ka taɓa komai, kwashe duk karatun da ke da lafiya ka ajiye a kwamfuta. Kar ka ce sai anjima, gyaran nan wani lokaci yana tafiya da abin da ba ruwansa.

Sai ka jona na'urar da kwamfuta ka duba ko ta fito da harafi irin na filash, kamar E: ko F:. In ba harafi, ta fito ne da hoton na'ura kawai, to tana kan tsarin MTP, kuma a haka babu gyaran da zai yiwu don Windows ba ta ganin memorin kai tsaye. Shiga saitin na'urar wajen USB ka mayar da ita MSC, wato tsarin da za ta fito kamar filash, irin su Sansa Clip na SanDisk suna da wannan zaɓin. In kuma fayilolin a memori kad suke, ka ma huta, zare shi ka sa a kad rida. Amma in sai ka sa kad ɗin a cikin adafta, duba ɗan makullin da ke gefen adafta ɗin, in ya zame ƙasa babu abin da zai gogu, mutane da yawa wannan ne kaɗai matsalarsu suna ta zargin bairos.

Yanzu ka nemo cmd a kwamfutarka, danna dama a kai ka zaɓi Run as administrator, baƙar taga za ta buɗe sai ka rubuta chkdsk E: /f ka danna Enter, amma ka sa harafin taka na'urar a madadin E, ka duba da kyau. Zai bi teburin nan yana ɗinke inda ya yage, in ya tambaye ka ko ya mayar da guntayen da suka ɓata su zama fayil, ka amsa da Y ko N duk ɗaya ne tunda dama goge su kake so. In ka ce Y zai tara su a wata ɓoyayyiyar folda mai suna FOUND.000 da sunaye irin FILE0000.CHK, shara ce, ka zubar. Sau da yawa da ya gama za ka ga fayilolin nan sun ɓace da kansu, ko kuma yanzu su gogu salin alin. In har yanzu suna taurin kai rubuta attrib -r -h -s E:\*.* /s /d ya cire musu kariya, ka sake gwadawa.

Wani abin kuma, za ka iya goge su amma sunansu ya ci gaba da fitowa a allon na'urar, saboda ita ma tana da nata jerin da take ajiyewa daban. A Sansa Clip sunansa MTABLE.SYS, in ka goge shi da ka cire kebul za ta sake tattara sabo.

In duk wannan bai yi ba sai fomat, kuma ni na fi son a yi shi daga cikin saitin na'urar in tana da wurin, don ita ta san tsarin da take so. In da kwamfuta za ka yi, zaɓi FAT32, kar ka kuskura ka sa NTFS don ba za ta karanta ba, tsofaffin ma ko exFAT ba su sani ba, kuma tagar fomat ta Windows ba ta ba da FAT32 in memori ya wuce giga 32. Cire alamar Quick Format, zai ɗau lokaci amma zai bincika ko akwai wurin da ya mutu.

To in ka yi fomat ya ce an gama, ka cire ka mayar sai ga fayilolin nan zaune daram, kar ka ƙara wahalar da kanka, memorin ne ya ƙare, wasu in sun gaji kulle kansu suke, ana karantawa amma ba a rubutawa. Ko kuma jabu ne, an rubuta giga 32 alhali cikinsa bai kai ba, da ka wuce ainihin girmansa komai sai ya riƙa lalacewa. Akwai 'yar manhaja H2testw kyauta da ke tona asirinsu. In kad ne sayi wani, in na cikin na'urar ne kuma tana da ramin kad, sa kad ka ci gaba da jin karatunka. Nan gaba kuma ka riƙa danna Eject kafin ka zare kebul, in da hali ka yi turi da laftof mai caji.