Ga mai tambaya kan yaron da madara ke tayar wa da borin jini

'Yar'uwa, da na karanta cewa yaronki ɗan wata 7 yana amai, ƙuraje su feso masa duk sanda ya sha madarar gwangwani, har kina tsoron ba shi naman sa, wallahi sai da ƙwalla ta cika mini ido. Haka 'yata ta yi.

Abin da na kasa mantawa shi ne na yayar mijina. Na gaya mata likita ya hana a ba 'yata madara, ta ce tsirfa ce irin tawa, wai ɗan wa madara ta taɓa kashewa? Ina shiga wanka ta haɗa ta ɗura mata. Ko minti 10 ba a yi ba leɓen yarinya ya kumbura suntum, idanu suka rufe, numfashi na fita da ƙyar kamar ana busa usur. Da kumfar sabulu a wuyana na sure ta, takalmi ma ƙafa ɗaya na saka. Sai da aka yi mata allurar adiranalin a cinya ta dawo. Har yau baiwar Allahn nan ba ta ce mini yi haƙuri ba. Wai ba ta sani ba. Ta sani mana!

Kar ki bari a ruɗe ki da madarar da aka cire wa laktos. Waccan ta masu kasa narkar da sukarin madara ce. Namu garkuwar jiki ce ke ɗaukar furotin ɗin madarar, irin su kesin, a matsayin abokin gaba, sai ta yi masa sojojin da ake kira IgE. Tafasawa ba ta kashe kesin. Madarar akuya da ta tumaki ma kar ki kusance su, furotin ɗinsu kusan iri ɗaya ne. Akwai madarar da aka farfasa furotin ɗinta, likita zai rubuta miki. Idan kina shayarwa ki ci gaba, don Allah.

Naman sa kuwa, yawancin yaran nan suna ci lafiya. Kaɗan ne yake damu, saboda wani furotin, albumin, da ke cikin madara da naman duka. Shi wuta tana raunana shi, shi ya sa wanda bai dahu ba ya fi tayar da ciwon. Amma tunda naki yana amai, kar ki gwada a gida, ki nemi gwajin fata ko na jini tukuna. Kuma ki riƙa duba kashinsa, wani nau'in ciwon sai bayan kwana 2 ko 3 yake nunawa, da majina ko ɗigon jini.

Ki daina barin sa da wanda bai yarda da ciwon ba, ko wane ne. In kin ga kumburin baki ko numfashi ya canza, asibiti kai tsaye, kar ki tsaya neman shawarar kowa. Tawa tana shekara 4 aka sake gwada ta a gaban likita, ta sha rabin kofi, ina zaune ina ƙirga numfashinta, ba abin da ya faru. Allah Ya ba yaronki lafiya.